Ɗan baffana na cin 91, 'yar gwaggona 13, ni B3: wa ya fi wani?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, bana na gama sakandare. A WAEC na samu B2 a Bayoloji, B3 a Turanci, C4 a Fiziks, C5 a Lissafi, C6 a Kemistiri, sauran darussan ma duk kiredit ne. A JAMB na ci 248. Burina in karanci harhaɗa magunguna. Ɗan baffana da ke karatu a Amurka kullum makinsa 90 da ɗoriya, na ƙarshe da ya turo 91 ne. 'Yar gwaggona kuma ta ci BAC, jarrabawar gama sakandare a Nijar, da 13 cikin 20, ana ta yi mata barka. Babana ya ce 13 cikin 20 ai 65 ne cikin 100, daidai da B3 ɗina, to me ake yabo? Ni kuma me ya hana ni cin 90 kamar ɗan'uwana? Bayan haka na rubuta wa wata jami'a a Ingila, suka ce sai na yi shekara guda ta share fage, wai WAEC ba ta isa ba. Tun daga nan gwiwata ta yi sanyi. Shin jarrabawarmu ce ba ta da daraja, ko ni ce ban yi ƙoƙari ba? Jarrabawar wace ƙasa ce ta fi wuya, kuma yaya ake kwatanta su?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yarmu. Jarrabawarku tana da daraja, ke ma kin yi ƙoƙari, ko da yake akwai darasi ɗaya da za mu yi miki magana a kansa ba ɓoye-ɓoye. Lissafin Baba daidai ne, 13 cikin 20 kashi 65 ne cikin 100. Inda matsalar take shi ne maki ba ya tsallaka iyaka da darajarsa. Kamar kuɗi yake: dubu ɗaya ta wannan ƙasa ba dubu ɗayar waccan ba ce, sai an san canjin. Kafin a jera sakamako biyu a ce wannan ya fi wancan, sai an san daga ina faɗuwa take farawa a kowane tsari, ina ne ƙololuwar da ɗalibai ke iya kaiwa da gaske, wa ya ba da makin, kuma me aka shirya jarrabawar ta auna.

Mu fara da 91 ɗin ɗan baffanki. A yawancin makarantun Amurka, 90 zuwa 100 shi ne A, 80 zuwa 89 B, 70 zuwa 79 C, 60 zuwa 69 D, duk abin da ya gaza 60 faɗuwa ne. Ki lura da wannan da kyau: makin 55, wanda a wurinku kiredit ne, a can faɗuwa ne. Ba don yaransu sun fi kaifin ƙwaƙwalwa ba. Malamin aji ne ke ba da makin, yana tara shi daga aikin gida, ƙananan gwaje-gwaje, aikin bincike da jarrabawar ƙarshen zango, kuma ana tsara tambayoyin ne yadda duk wanda ya bi darasin zai amsa mafi yawansu. Amurka ba ta da jarrabawar gama sakandare ta ƙasa baki ɗaya irin WAEC. Abin da ɗalibi ke fita da shi shi ne matsakaicin makinsa na shekara huɗu, wanda suke kira GPA, bisa ma'aunin 4.0. Saboda haka 91 ɗinsa maki ne mai kyau, ya cancanci yabo, amma hukuncin malaminsa ne a makarantarsa. B3 ɗinki kuwa hukuncin mai duba takarda ne da bai taɓa ganin fuskarki ba, a kan tambayoyin da ba malaminki ya fitar ba.

Tsarin da Nijar ke bi, wanda ta gada daga Faransa, kishiyar na Amurka ne wajen riƙe maki. Komai a kan 20 yake, 10 ce ci. Daga 12 zuwa ƙasa da 14 ana rubuta wa ɗalibi yabon da suke kira assez bien, daga 14 zuwa ƙasa da 16 bien, daga 16 zuwa sama très bien. A darussan rubutu irin su falsafa, tarihi da adabi, mai dubawa ba ya sakin 17 ko 18 da sauƙi, 20 kuwa ba a cika ganinta ba. Ke nan saman ma'aunin kusan a rufe yake, ɗalibai suna cunkushe tsakanin 8 da 14. Ƙari a kan haka, a shekaru da yawa waɗanda ke cin BAC a Nijar ba sa kai rabin waɗanda suka zauna ba. Wadda ta ci a irin wannan jarrabawa, har da yabo a kan takardarta, barka ta dace da ita.

Akwai kuma abin da yawancin masu kwatantawa ba su sani ba game da 13 ɗin nan: ba matsakaici ba ne na haɗa-ka-raba. Kowane darasi yana da nauyinsa, gwargwadon sashen da ɗalibi yake, na kimiyya ko na adabi. Ga misali da lambobin da muka ɗauka don bayani kawai. A ce nauyin lissafi 5, na fiziks 5, na tarihi 2, jimilla 12. Ɗaliba ta farko ta ci 14 a lissafi, 13 a fiziks, 8 a tarihi. Za a ninka kowane maki da nauyinsa: 70 da 65 da 16, jimilla 151, a raba da 12, ya ba da 12.58. Ta biyu ta ci 8 a lissafi, 13 a fiziks, 14 a tarihi: 40 da 65 da 28, jimilla 133, a raba da 12, ya ba da 11.08. Makinsu uku iri ɗaya ne, 14 da 13 da 8, amma ɗaya ta fita da yabo, ɗaya ta fita ba yabo. WAEC ba ta yin haka. Kowane darasi cin gashin kansa yake yi, A1 a Bayoloji ba ya ɗaga F9 a Lissafi. A BAC darasi mai ƙarfi yana iya rufa wa mai rauni asiri. A WAEC kuwa wanda ya rasa kiredit a Turanci, ko a Lissafi idan kwas na kimiyya yake nema, ko da sauran duk A1 ne, ƙofar jami'a ta tsaya masa.

Yanzu ga taki. Jadawalin da makarantu suka saba amfani da shi ya sa A1 daga 75 zuwa 100, B2 70 zuwa 74, B3 65 zuwa 69, C4 60 zuwa 64, C5 55 zuwa 59, C6 50 zuwa 54, D7 45 zuwa 49, E8 40 zuwa 44, F9 ƙasa da 40. Amma ki duba takardar sakamakonki, babu inda aka rubuta ɗanyen maki, daraja kawai ake gani. Wanda ya ci 76 da wanda ya ci 95 duk A1 ne. Abin da za ki nuna wa Baba a nan shi ne cewa daraja mafi girma a WAEC daga 75 take farawa, a Amurka kuwa 75 tsakiyar C ce. Tambayar me ya hana ki cin 90 ba ta da mazauni a jarrabawar da ma ba ta rubuta 90 a takardar kowa.

Ingila ta fi kowa nuna cewa kaso cikin ɗari ba abin dogaro ba ne. A jarrabawarsu ta GCSE, da ake yi a shekara 16, da ta A Level a shekara 18, ba a yanke iyakar kowace daraja sai bayan an gama duba takardu. Idan tambayoyin bana sun yi tsauri sai a sassauta iyakar, idan sun yi sauƙi a ɗaga ta, don kada ɗaliban wata shekara su cutu. Lissafin GCSE hawa biyu ne, akwai takarda mai sauƙi da mai wuya. A mai wuyar, an sha samun shekarun da ƙasa da kashi 25 cikin 100 ya isa a ba ɗalibi darajar ci. Wanda bai san tsarin ba zai ce wasa suke yi, alhali takardar an cika ta da tambayoyin da aka tanada don rarrabe manyan haziƙai. Haka a jami'o'insu, 70 ita ce digiri mai daraja ta ɗaya.

Wani tarkon da ke kama ɗalibai wajen cike fom shi ne alkiblar lambobi. A WAEC 1 ce sama, 9 ce faɗuwa. A GCSE, tun daga 2017, 9 ce sama, 4 ce ci, 1 ce ƙasa. A Jamus 1 ce mafi kyau, 4 ce iyakar ci, 6 ce mafi muni. A jarrabawar IB ta ƙasa da ƙasa kowane darasi cikin shida ana auna shi daga 1 zuwa 7, 7 ce sama, a ƙara maki uku na wasu ayyuka, jimilla 45, ana neman aƙalla 24. Idan fom ya ba ki gurbin lamba kawai kika rubuta 2 a madadin B2, mai karantawa a Ingila zai iya ɗauka faɗuwa kika yi. Kullum ki rubuta darajar cikakkiya, harafi da lamba, da sunan jarrabawar a gefenta.

Sai kuma abin da aka shirya jarrabawar ta yi. Wata shaida take bayarwa cewa ɗalibi ya san abin da aka koyar, kowa na iya ci idan ya kai iyakar. WAEC, NECO, GCSE da BAC suna wannan rukuni. Wata kuma tankaɗe da rairaya ce, don guraben ba su kai yawan masu nema ba, kuma a irinta makinki ba shi da ma'ana sai an san na sauran. JAMB tana nan: darussa huɗu, tambaya 180, 60 a Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, cikin awa biyu, maki 400. Gaokao ta ƙasar Sin ma haka take. Ana yin ta a watan Yuni, a yawancin larduna jimillar maki 750 ne, waɗanda suka yi rajista a 2024 sun haura miliyan 13, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne matsayin ɗalibi a cikin lardinsa, don haka maki ɗaya na iya kai wani babbar jami'a a wannan lardi ya gaza kai wani a wancan. A Koriya ta Kudu jarrabawar Suneung yini guda ce, wata Alhamis a Nuwamba, har ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama lokacin gwajin sauraron Turanci. A yawancin darussanta daraja ta 1 ta kashi 4 cikin 100 na sama ce kawai, komai yawan makin da na bayansu suka ci. Saboda haka jera 248 ɗinki kusa da 91 ɗin ɗan baffanki kuskure ne tun daga tushe. Abin da ya ɗan yi kama da JAMB a wurinsu shi ne SAT, mai maki daga 400 zuwa 1600, tambaya 98 cikin awa biyu da minti 14. Ko ita ma ta bambanta: ana iya maimaita ta sau da yawa a shekara, kuma kowane sashenta gida biyu ne, ƙoƙarin ɗalibi a gidan farko ne ke sa kwamfuta ta ba shi gida na biyu mai wuya ko mai sauƙi. JAMB sau ɗaya ce a shekara, makinta kuma na wannan shekarar ne kaɗai.

Maganar jami'ar Ingila, wadda muke jin ita ta fi yi miki ciwo, ba raini ba ne. Lissafin shekaru ne. Ke kin yi shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, shekara 12. Ɗalibin Ingila yana yin 13, kuma biyun ƙarshe yakan ware su ga darussa uku kacal, yana zurfafawa a cikinsu har ya taɓa abin da ake koyarwa a shekarar farko ta jami'o'inmu. Shi ya sa digirinsu na farko yawanci shekara uku ne, namu huɗu. A irin waɗannan kwasa-kwasan, idan aka haɗa shekarar share fage da ukun nan, huɗun dai aka yi, ba a ci wa ɗalibi komai ba. Ko a gida ma haka ake kallon abin: wanda ya zo da A Level, ko IJMB ko JUPEB, waɗanda karatun share fagen jami'a ne na gida, aji biyu na jami'a ake saka shi kai tsaye, mai WAEC da JAMB ya fara daga aji ɗaya. Amurka, da yake makarantarsu shekara 12 ce digirinsu kuma huɗu, jami'o'insu da yawa suna karɓar WAEC ba tare da share fage ba. Jamus kuma sau da yawa takan tura mai irin takardarki zuwa Studienkolleg, karatun zango biyu da ke ƙarewa da jarrabawa. Takarda ɗaya, amsa uku, kowa bisa tsawon tsaninsa.

Kin tambayi wadda ta fi wuya. A ganinmu wuyar iri-iri ce, kuma duk wanda ya ba ki suna ɗaya ya taƙaita miki. Wajen abin da ke rataye a kan 'yan kwanaki kaɗan, da ƙuncin gasa, Gaokao da Suneung sun fi nauyi. Wajen zurfi a darasi ɗaya, A Level ta sha gaban WAEC, wannan gaskiya ce da bai kamata a ji kunyar faɗinta ba. Wajen iya gina hujja a rubuce, ɗalibin BAC a Faransa yakan zauna awa huɗu a kan tambayar falsafa guda. Wajen faɗi kuwa, ke kin ɗauki darussa takwas ko tara a zama ɗaya, kowanne da takardar canki-canka da ta rubutu, na kimiyya har da gwajin ɗakin bincike, kuma babu wanda ke tallafa wa wani. Na Amurka wuyarsa ita ce rashin hutu: sakaci a zango ɗaya yana bin ɗalibi har ranar da zai nemi jami'a. A Indiya, jarrabawar shiga likitanci ta NEET tana ba da maki 4 ga amsar daidai ta cire 1 ga ta kuskure, wato canke huɗu marasa sa'a sun cinye amsa ɗaya mai kyau. JAMB ba ta cire komai, don haka barin tambaya ba amsa asara ce. Ɗalibin da ya ɗauki ɗabi'ar wannan ya kai waccan zai sha mamaki.

Idan kika ji ana cewa ƙasa kaza ce ta ɗaya a ilimi, yawanci daga gwajin PISA maganar ta fito. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ke gudanar da shi tun 2000 a kan samfurin yara 'yan shekara 15, a karatu da lissafi da kimiyya, kuma a na 2022 Singafo ce ta zo kan gaba a lissafi. Ma'aunin tsarin ilimin ƙasa ne, ba ya ba kowane yaro sakamako, kuma Najeriya da Nijar ba sa cikinsa. Ba shi da abin da zai faɗa game da ke da 'yan'uwanki.

To yaya ƙwararru ke yin canjin? Jamusawa suna da wani lissafi da zai nuna miki yadda abin yake. Ana ɗaukar maki mafi girma na ƙasar a cire makin ɗalibi, a raba da tazarar da ke tsakanin mafi girman da iyakar ci, a ninka da 3, a ƙara 1. Sakamakon yana faɗowa tsakanin 1.0, mafi kyau, da 4.0, iyakar ci. Mu gwada da 91, sama 100, iyakar ci 60: 9 a raba da 40, a ninka da 3, a ƙara 1, ya ba da kusan 1.7. Da 13, sama 20, iyakar ci 10: 7 a raba da 10, a ninka da 3, a ƙara 1, ya ba da 3.1. Amma idan aka ce tunda 20 ba ta samuwa a ɗauki 18 a matsayin sama, sai ya koma kusan 2.9, idan aka ɗauki 16 ya koma 2.5. Ɗaliba ɗaya, maki ɗaya, amsa tana canzawa da abin da aka ɗauka a matsayin ƙololuwa. Wannan ne dalilin da ya sa hukumominsu ke yanke waɗannan lambobi da kansu ga kowace ƙasa, a rumbun bayanansu mai suna anabin, ba a bar wa ɗalibi ya zaɓa ba. A Birtaniya hukumar da ke wannan aiki ita ce UK ENIC, a Amurka da Kanada kuma jami'o'i kan tura mutum wurin masu tantancewa irin su WES. Darasin da ke ciki a gare ki: kada ki taɓa juya sakamakonki zuwa GPA da kanki ta hanyar shafukan lissafi na intanet ki rubuta a fom. Idan adadinki ya saɓa da nasu, a mafi sauƙi za a jinkirta takardunki, a mafi muni a ɗauka kin yi ƙari.

Idan neman waje na ranki, ga yadda za ki bi. Ki zaɓi kwas kafin ƙasa, sannan ki buɗe shafin jami'ar inda ta jera sharuɗɗa ƙasa-ƙasa, ki nemi Najeriya. A nan za ki ga ko WAEC kaɗai suka ambata ko har da NECO, domin WAEC ta ƙasashe biyar ce, Najeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya, an fi saninta a waje. Ki duba ko suna karɓar zama biyu, da darajar da suke nema a kowane darasi, musamman na kimiyya. Ki tambaye su a rubuce ko B3 ɗinki na Turanci zai tsaya a madadin IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci. Wasu jami'o'in Birtaniya suna yarda da C6 zuwa sama, wasu da sharaɗin kada sakamakon ya daɗe, wasu ba sa yarda sam. Idan sai kin yi IELTS, kada ki yi gaggawa, shekara biyu kawai ake karɓar sakamakonta. Ki jera fasfo, takardar haihuwa da satifiket a gabanki ki duba harafi-harafi: sunan da aka juya, ko ranar haihuwa da ta bambanta, suna tsayar da takardun ɗalibai, kuma gyaransu kan ci watanni. Masu tantancewa ba sa gamsuwa da hoton takarda, za su so su duba sakamakon daga WAEC kanta, don haka ki tanadi katin duba sakamako wanda ba a cinye adadin amfaninsa ba. Sannan ki san kalanda. A Birtaniya, ta hanyar UCAS, hukumar da ke karɓar takardun neman jami'a, likitanci da Oxford da Cambridge suna rufewa ranar 15 ga Oktoba, yawancin sauran a Janairu. A Jamus ranar da aka saba ita ce 15 ga Yuli ga zangon hunturu, 15 ga Janairu ga na bazara. Da yake sakamakon WAEC yakan fito wajen Agusta, mai gama sakandare bana shekara mai zuwa yake nema.

Game da Baba, kada ki yi jayayya da shi a gaban mutane, kuma kada ki kare kanki ta hanyar rage darajar 'yan'uwanki. Ki ɗauki takarda guda ki ja layi uku, ki rubuta iyakar ci da farkon daraja mafi girma a kowane tsari: 60 da 90 a Amurka, 10 da 16 a BAC, kiredit daga 50 da A1 daga 75 a WAEC. Ki kai masa lokacin da yake cikin natsuwa, ki ce kin bincika tambayar da ya yi. Tambayarsa ta mai kula ce, kuma iyaye sun fi saurara idan aka zo musu da tsari maimakon ƙorafi. Idan akwai malaminki da yake girmamawa, ki roƙe shi ya sa baki.

Yanzu ga maganar da muka ce ba za mu ɓoye miki ba. Ma'aunin da ya shafe ki shi ne sharaɗin kwas ɗin da kike so, kuma a nan C6 a Kemistiri rauni ne na gaske. Harhaɗa magunguna a kan Kemistiri yake tsaye. C6 ta cika sharaɗin kiredit a gida, amma jami'o'i da yawa suna haɗa makin JAMB da na jarrabawar tantancewarsu, wasu har da darajojin WAEC, su fitar da jimilla, kuma a kwas mai gasa irin wannan kowane maki yana aiki. 248 maki ne mai kyau da zai buɗe kwasa-kwasai da yawa, amma ga wannan kwas sai kin duba iyakar da sashen ya yanke a bara a jami'ar da kika zaɓa, ba iyakar jami'ar gaba ɗaya ba, don tazarar da ke tsakaninsu kan yi yawa.

Hanya biyu ce a gabanki, kuma kina iya haɗa su. Ta farko, ki sake zama a jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu don ɗaga Kemistiri da Lissafi, bayan kin tabbatar kwas ɗin yana karɓar zama biyu. Idan ba ya karɓa, sai kin sake dukan darussa biyar ɗin da ake buƙata a zama ɗaya, kada ki shirya wa biyu kawai ki yi asarar shekara. Ta biyu, ki shiga IJMB ko JUPEB da Kemistiri, Bayoloji da Fiziks, wanda zai ba ki zurfin da jami'ar Ingila ta ce ba ki da shi, ya kuma buɗe miki shiga kai tsaye a gida idan sashen yana ɗauka ta wannan hanya.

Ko wacce kika bi, ki canza yadda kike karanta Kemistiri. C6 yawanci alama ce ta haddar ma'anoni ba tare da iya lissafi ba. Ki samo tambayoyin shekarun baya, ki yi su da agogo, littafi a rufe, sannan ki ware kurakuranki gida uku: wanda ba ki san batun ba, wanda kin sani amma lissafin ya kuɓuce, da wanda ba ki karanta tambayar da kyau ba. Kowane gida da maganinsa, na farko komawa littafi, na biyu maimaita atisaye, na uku ja layi a ƙarƙashin abin da aka tambaya kafin ki ɗora biro. Ki karanta rahoton manyan masu duba takardu da WAEC ke fitarwa a kan kowane darasi, don a ciki suke faɗin inda ɗalibai suka zubar da maki. A Kemistiri wuraren sanannu ne: lissafin mol, daidaita ikweshan, mance rubuta ma'aunin amsa, da tsallake matakan lissafi a rubuta amsar ƙarshe kawai, alhali matakan ma suna da makinsu. A gwajin ɗakin bincike kuma, ki saba rubuta karatun buret da lamba biyu bayan ɗigo, ki maimaita gwajin har karatu biyu su zo kusa da juna, sannan ki ɗauki matsakaicinsu.